Horo a ikilisiya: hukunci ne ko gyara?

Mai Ganga: Salama gare ku. Abin da aka yi yau bayan sujada ya tsaya mini a rai. An tsayar da yarinyar nan ta ƙungiyar mawaƙa gaban kowa don ta yi ciki ba aure, an sa ta a horo, ba waƙa ba jibin Ubangiji (gurasa da ruwan inabin da masu bi ke ci tare a coci), ta koma bencin baya. Ni dai na ce ba wanda yake da ikon yin wannan, ba fasto ba dattawa. Matiyu 7:1 ya ce kada mu hukunta kowa don kada a hukunta mu.

Baba Dattijo: Ɗana ka karanta ka sauko ƙasa mana, kada ka tsaya a aya ɗaya. A aya 5 Yesu ya ce ka fara cire gungumen da ke idonka, sannan ka gani da kyau ka cire hakin da ke idon ɗan'uwanka. Bai ce a bar hakin a ciki ba.

Malamar Lahadi: Kuma Bulus fa? 1 Korintiyawa 5, mutum yana zama da matar babansa ikilisiya ta yi shiru har suna fahariya, Bulus ya ce a fitar da shi, kuma a aya 12 ya ce ba ruwansa da hukunta na waje, na ciki ne alhakinmu. To in horo haramun ne Bulus ne ya fara karya dokar kenan

Mai Ganga: Toh matar da aka kama tana zina a Yohanna 8 fa? Yesu cewa ya yi marar zunubi ya fara jifa

Baba Dattijo: Ya kuma ce mata ta tafi kada ta ƙara.

Mama Zumunta: Ku dakata ni ma in ce wani abu. Baba da girmanka, ni ban ce a daina horo ba, amma ina yaron? Ciki ai ba mutum ɗaya ke yinsa ba, kowa a unguwa ya san ko waye, yau yana zaune a gaba da sabuwar shadda ba wanda ya ko kalle shi saboda babansa ne ya ba da kwanon rufin coci, ita kuwa uwarta kunu take sayarwa a tasha. Matar Yohanna 8 ɗin ma haka aka yi mata, Littafin Firistoci 20:10 ya ce a hukunta namijin da macen duka, amma ita kaɗai suka jawo. Laifi tudu ne dai.

Malamar Lahadi: Mama wannan kam ba musu. Yakubu 2 ma ya yi maganar mai zoben zinariya da ake ba wuri mai kyau a bar matalauci a tsaye.

Baba Dattijo: Mama ba a rufe maganar yaron ba, an kira shi bai zo ba.

Mama Zumunta: An kira shi a ofis, ita an kira ta a gaban jama'a Baba.

Ɗan Makarantar Baibul: Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Matiyu 18:15-17 ya jera matakai, ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka zo da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi kuma sannan ikilisiya ta ji. Wato gaban jama'a na mai taurin kai ne. Yarinyar nan na ji da kanta ta je wurin matar fasto tana kuka, to wadda ta riga ta tuba me ake nema da ita a gaban mutane? Bulus ɗin da Malama ta kawo, a 2 Korintiyawa 2 shi ne ya ce wanda aka hora a yafe masa a ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya cinye shi.

Mai Ganga: Kun ga abin da nake faɗa

Ɗan Makarantar Baibul: A'a yayana, ba shi kake faɗa ba, kai ka ce ba mai iko sam. Annabi Natan ya tsaya gaban sarki Dauda ya ce masa kai ne mutumin, da ya bi taka da bai buɗe baki ba.

Baba Dattijo: Na ji ku duka. Dattawa za su zauna ranar Laraba, zan kai maganar yaron da kaina.

Mama Zumunta: Allah ya kai mu Baba. Ka tambaya mana har wata nawa ne horon nata, don ba a faɗa ba ɗazu.