Dan Allah me zan kira wildfire season? Shirina gobe da safe ne

Mai Shirin Muhalli: Assalamu alaikum. Ina da shiri a rediyo gobe ƙarfe 9 kan wutar da ke cin dazukan Kanada, kuma na maƙale. Su suna cewa wildfire season, wato watannin da wutar ke tashi duk shekara, daga wajen Mayu zuwa Satumba. In na ce wutar daji kawai, mai sauraro a Ningi ko Dass zai ɗauka irin wadda mafarauta ke cinnawa don gafiya ce, alhali ta 2023 kusan hekta miliyan 15 ta ci, wato fiye da ninki biyu na jihohin Bauchi da Gombe a haɗe, hayaƙin har New York ya kai a watan Yuni sama ta yi jawur. Ku taimaka min kafin isha'i.

Ɗan Wunti: Gobarar daji. Wuta kai ka kunna ta kuma kana iya kashe abarka, gobara kuwa ta fi ƙarfinka. Shikenan.

Anti Gwallaga: Gobarar ta yi, amma daji bai yi min ba. Dajinmu ciyawa ne da bishiya ɗaiɗai, wuta ta bi ta ƙasa ta wuce, damina na faɗuwa komai ya toho. Nasu itatuwa ne dogaye a cunkushe masu ƙaro, wutar hawa take ta riƙa tsallake daga kan wannan zuwa kan wancan. Wannan kurmi ne ƙanina.

Baffa Misau: Toh ni ga tawa: lashe-kurmi. Ƙirar Hausa ce tsantsa irin ta fasa-ƙwauri da ci-rani. Ka ce lashe-kurmi ta tashi a Kanada, kowa ya san ba ƙaramar wuta ba ce.

Ɗan Wunti: Baffa ba wanda zai gane a rediyo, sai ya tsaya bayani.

Baffa Misau: Ai haka kowace kalma ta fara ɗana. Jirgin sama ma wani ne ya fara furtawa.

Mai Shirin Muhalli: Na gode Baffa, amma season ɗin fa? Ina tunanin kakar gobarar daji, tunda ana cewa kakar wasa.

Malam Na Tudun Wada: A'a, dan girman Allah kar ka sa kaka. Kaka lokacin girbi ne, lokacin da rumbu ke cika, 'yan labarin ƙwallo ne suka ja ta suka kai ta inda ba gidanta ba, yanzu har kakar zaɓe ake ji. Garin Yellowknife na can Kanada mutum wajen 20,000 aka ce su fita a Agustan 2023, su bar gidajensu, wannan ne za ka kira kaka? Kuma kar ka ce bazara, don lokacin zafinsu daidai yake da damunarmu, mai sauraro zai rikice.

Anti Gwallaga: Nan kam malam ya yi gaskiya. Ka ce lokacin zafi na can, ka faɗi watannin.

Ɗan Jekadafari: Mu dai a Gombe wutan daji muke cewa kowa ya gane

Malam Na Tudun Wada: Wutar daji, ba wutan ba. Wuta tamace ce.

Ɗan Jekadafari: Malam da girmanka, amma haka iyayenmu ke faɗa, haka ake faɗa a cikin garin Bauchi ma. Kullum sai an nuna mana Hausarmu ba Hausa ba ce sai ta Kano, wlh abin na ci min rai, daga wannan ƙasa fa Abubakar Tafawa Balewa ya fito, wa ya taɓa cewa bai iya Hausa ba?

Malam Na Tudun Wada: Ban raina karin harshen kowa ba, ni ma nan aka haife ni. Amma rediyo har Katsina wani na iya ji, shi ya sa aka yi daidaitacciyar Hausa.

Baffa Misau: Lashe-kurmi ba ta da wannan rigimar, ba r ba n.

Anti Gwallaga: Jama'a yaron nan aiki ne a gabansa. Ƙanina abu ɗaya kar ka manta, ka gaya musu mafi yawan filin da ke ƙonewa can tsawa ce ke tayar da wutarsa, a inda ba kowa, bayan ƙasa ta bushe. Wata ma takan kwana tana ci a ƙarƙashin ƙasa duk lokacin sanyi ta sake ɓullowa. In ba ka faɗa ba mutanenmu za su ce ai makiyaya ne ko mafarauta.

Mai Shirin Muhalli: Na ɗauka Anti. Zan ce lokacin gobarar daji, sai in bayyana a farko cewa kurmi ne mai duhu ba irin dajin Yankari ba. Kaka na cire ta malam.

Malam Na Tudun Wada: Da kurmin ka sa a cikin sunan ya fi, amma toh.

Baffa Misau: Ka dai ambaci tawa ko sau ɗaya a shirin, in masu kiran waya sun ƙi ta na haƙura.