Ina da lasisin bindiga amma wurin aikina sun hana, yaya zan yi?

Tambaya (admin, don Allah a ɓoye sunana)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata shida a Houston, jihar Teksas ta Amurka. Ina aikin dare a wani babban sito na kayan masarufi, ina shiga ƙarfe shida na yamma in tashi uku na dare. A azumin da ya wuce, na tsaya shan mai a hanyar komawa gida, sai wani matashi ya ɗora min bindiga a ƙeya, ya karɓe waya da walat. Alhamdulillahi bai harba ba, amma har yau ina tuna sanyin ƙarfen nan a wuyana, kuma duk motar da ta tsaya kusa da ni da dare sai gabana ya faɗi.

Bayan sallah na je na yi kwas, na ci jarrabawar harbi, na biya dala 40, hukumar tsaron jama'a ta jiha ta ba ni lasisin riƙe ƙaramar bindiga. Sai daga baya na koma littafin ƙa'idojin aiki da na sa wa hannu ranar da aka ɗauke ni. An rubuta ba a yarda da kowane makami a harabar kamfani ba, har da filin ajiye motoci. Wani abokin aikina ya ce in soke ta a ƙugu in saki riga, wa zai sani, ai doka ta ba ni dama. Ina da katin zama na dindindin, badi nake son neman zama ɗan ƙasa, ga iyali da yara biyu. Masu sani ku taimaka min: in shiga da ita ciki, in bar ta a mota, ko in haƙura in bar ta a gida?

Kawu daga Dallas

Wa alaikumus salam. Allah Ya kiyaye na gaba, ɗana. Abokin nan naka ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Lasisi tsakaninka da hukuma ne, shi ke hana ɗan sanda ya kama ka don ya ga bindiga a jikinka. Bai ɗaure hannun mai kamfani ba ko kaɗan. Dokar da ta kafa lasisin ita da kanta ta ce mai ba da aiki yana da ikon hana ma'aikacinsa shiga ginin aiki da bindiga, ko da lasisi a aljihunsa. Kuma a Teksas, in ba ku da wata yarjejeniya ta musamman ko ƙungiyar ƙwadago, ana iya sallamarka yau ba tare da an zauna shari'a da kai ba. Wanda aka kora don ya karya ƙa'idar da ya sa wa hannu, ko kuɗin tallafin rasa aiki yana iya kuɓuce masa.

Gobe in ka je, ka tsaya ka karanta abin da ke jikin ƙofar shiga. In akwai allon hana shiga da bindiga mai lamba 30.06, da Ingilishi da Sifaniyanci, haruffa manya da suka kai inci ɗaya, to wannan naka ne, masu lasisi da ke ɓoye bindiga ake nufi. Mai lamba 30.07 na masu ratayawa a fili ne. Ƙetare allon laifi ne mai tarar da ba ta wuce dala 200 ba, amma in manaja ya ce maka da baki ka fita ka ƙi, laifin ya girma, ana iya kai shi ga ɗaurin shekara ɗaya. Ka lura kuma, rashin allo ba ya hana su korarka. Allo maganar kotu ce, littafin ƙa'idoji maganar abincinka ce.

Maganar mota kuwa, nan gaskiya tana wajenka. Tun 1 ga Satumba 2011 akwai sashe na 52.061 na dokar ƙwadago ta jihar, wanda ya hana mai ba da aiki ya hana ma'aikaci ajiye bindigarsa ta halal a cikin motarsa ta kansa, a kulle, a filin da aka ba ma'aikata su ajiye mota. A 2012 Greg Abbott, yana babban lauyan jiha a lokacin, ya fitar da ra'ayin doka cewa ko kafa allon 30.06 a filin bai soke wannan haƙƙin ba. Kamfanoni masu rassa a jihohi da yawa sukan buga littafi ɗaya su raba wa kowa, shi ya sa kake ganin layin da ya hana makami har a filin mota. Akwai togaciya: motar kamfani ba ta ciki, haka matatun mai da masana'antun sinadarai masu haɗari suna da nasu tsarin. Sito na kayan masarufi ba ya cikinsu.

Maman 'yan biyu, ma'aikaciyar jinya

Yaya, ni abin da ya tsaya min a rai shi ne katinka. Ɗan ƙasa in ya yi kuskure da bindiga, ya biya tara ko ya yi zamansa ya fito, yana nan a ƙasarsa. Kai kuwa dokar shige da fice ta tarayya ta sa laifin riƙe bindiga ba bisa ƙa'ida ba cikin abubuwan da ake iya mayar da mutum ƙasarsu a kansu, ko da yana da katin dindindin. Kuma ranar da ka cike takardar neman zama ɗan ƙasa za a tambaye ka ko an taɓa kama ka ko an taɓa rubuta maka takardar laifi, su duba halinka na shekara biyar. Kada ka ga tarar dala 200 ka raina ta. Ka ga lauyan shige da fice kafin ka taka ko'ina da ita, awa ɗaya da shi ya fi nadamar shekaru.

Ga sauran 'yan uwa masu karantawa: wanda ke kan bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga sai da 'yan togaciya kaɗan. Kada wani ya ji an ce tun 2021 ba a buƙatar lasisi a Teksas ya ɗauka har da shi.

Sannan yara. Na yi aiki a sashen gaggawa, na ga yaron da ya tsinci bindiga a ƙarƙashin kujerar mota. Ba zan faɗi sauran ba. In za ta kwana a gidanka, ta kwana a kulle, harsashi daban.

Direban tirela, Oklahoma

Kawu ya gama magana. Ƙari kawai, wannan doka ta filin mota daga nan wajenmu ta samo ƙarfi. A 2002 wani kamfanin takarda a kudancin jihar ya kawo karnuka suka shinshina motocin ma'aikata, aka kori waɗanda aka samu da bindiga. Majalisar jiha ta yi doka a 2004, kamfanoni suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta tabbatar da dokar a 2009. Florida ta yi tata a 2008. Amma fa ni duk wannan bai amfane ni ba, domin tirelar da nake ja ta kamfani ce, abin da suka ce shi ke nan. Masu jan Uber da Lyft ma su duba ƙa'idar, duka biyun sun hana direba riƙe bindiga yana ɗauke da fasinja, mota taka ce amma suna iya rufe maka asusu. In kuma aiki ya kai ka gidan waya ko wani ginin gwamnatin tarayya, lasisin jiha ba ya aiki a can, ƙa'idar gidan waya ta haɗa har da filin ajiye motarsu.

Yaya daga New York

Ni ban goyi bayan ɗaukarta ba ma sam, ku yi haƙuri. Nan wajenmu, ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2022 da ya sassauta samun lasisi, babu wata doka da ta tilasta wa kamfani ya bar ka ka ajiye a filinsa, kuma muna aikin daren muna komawa gida. Ƙanena, ka tambayi kanka gaskiya: ranar nan da yaron ya zo ta bayanka, da tana ƙugunka, da ka iya zaro ta? Ko da ya laluba ya same ta, me zai faru? Ka daina shan mai ƙarfe uku. Ka cika tanki da rana.

Malam

Yaya ta faɗi abin dubawa, ko da yake kare rai da iyali halal ne, ban ga laifinka don ka nemi lasisi ba. Nawa ɗaya ne. Ka sa hannu a takarda ka ce ka yarda, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗan da suka ƙulla. Shiga da ita a ɓoye kullum, kana gaisawa da mutanen da suka amince ba ka da makami, ha'inci ne ko ba a taɓa kama ka ba. Abin da doka ta ba ka a sarari, wato mota, ka nema a sarari.

Kawu daga Dallas

Haka ne Malam, amma ya nema da dabara. Kada ka tsaya a wurin cin abinci kana ba da labarin kana da bindiga. Ka tura wa ofishin kula da ma'aikata saƙon imel, gajere, da ladabi: ka ga layi kaza a littafi, kana son sanin yadda yake aiki tare da sashe na 52.061. Ka ajiye amsarsu. Dalili, dokar ta hana su, amma ba ta faɗi ƙarara diyyar da za a biya wanda aka kora ba, don haka gara a warware kafin rigima. Kuma ka sayi akwatin ƙarfe mai igiyar waya da ake ɗaurewa a ƙafar kujera. Fasa motoci ana ɗauke bindiga ya yi yawa a biranen nan, aljihun gaban mota ba ma'aji ba ne. Ka sa ta a akwatin tun kafin ka shiga filin, ba a gaban kyamara da idon mutane ba.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Jiya na duba, akwai allon 30.06 a ƙofar ma'aikata, shekara uku ina wuce shi ban taɓa karantawa ba. Ba zan shiga da ita ba. Na tura imel ɗin da safe, matar ofishin ta amsa cewa ta miƙa wa lauyoyinsu, in jira zuwa mako mai zuwa. Na samu ganin lauyan shige da fice ranar Alhamis. Kafin nan tana gida a kulle. Yaya, na cika tanki yau bayan azahar. Na kuma roƙi mai gadin dare ya riƙa tsayawa a bakin ƙofa har mu shiga motocinmu, ya ce ba damuwa. Kawu, akwatin nan, mai mabuɗi ya fi ko mai lambobi?