Matatar Imel ce Ta Yi Ƙarya, ko Mai Ƙa'ida ne Ya Yi Sake?

Mai ƙorafi: Assalamu alaikum. Masu tallan rance sun ishe mu a ofis, sai na kafa ƙa'ida cewa duk imel ɗin da kalmar "bashi" ta fito a cikinsa a wuce da shi kwandon shara. Sai bayan mako biyu na gano cewa duk wasiƙar da wani Bashir ya sa wa hannu can take tafiya, har da takardar kwangila. Wannan matata maƙaryaciya ce.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar "maƙaryaciya". Haruffa biyar ka ba ta, ta kuwa same su a cikin sunan Bashir. Da ka rubuta \bbashi\b, wato ka kafa iyaka a farkon kalmar da ƙarshenta, da wasiƙun sun tsira.

Hajiya: Injiniya, abin da ya ce maka "wannan talla ce" alhali kwangila ce, wane suna za a ba shi? A 1996 matatar kamfanin intanet na AOL ta hana mutanen Scunthorpe a Ingila buɗe asusu, saboda wata kalmar batsa da ke ɓoye a cikin sunan garinsu, kuma ba su ne suka rubuta ƙa'idar ba.

Injiniya: Hajiya, ƙarya sai da niyya, na'ura kuwa ba ta da niyya.

Malamin Hausa: Ba haka ba ne, domin Bahaushe yana cewa agogo ya yi ƙarya, kuma babu wanda ya taɓa tuhumar agogo da mugun nufi.

Ɗalibi: Ina neman afuwar manya, amma iyakar da Injiniya ya kawo ma tana da rauni. Idan matatar ba ta san Unicode ba, wato tsarin da kwamfuta ke gane haruffan harsunan duniya da shi, ba ta ɗaukar ƙ da ɗ da ɓ a matsayin haruffa, saboda haka \bata\b zai kama "ɓata". Idan kuma ɗanyen saƙon take dubawa kafin a warware lambobin da aka mayar da irin waɗannan haruffa a cikinsu, "kuɗi" na iya zuwa mata a matsayin ku=C9=97i.

Injiniya: Shi ya sa muke amfani da SpamAssassin, tsarin tace imel wanda ke tara maki daga alamomin talla daban-daban, ba ya yanke hukunci sai sun kai 5.

Hajiya: Ku mutanen SpamAssassin, ko ciwon kai aka kawo muku, maganinku ɗaya ne.

Malamin Hausa: Har yanzu ba a ba ni amsar maganar agogo ba.

Shugaban zaure: Na rufe muhawarar. Abin da aka cim ma shi ne na'ura ba ta ƙarya, kamar yadda Injiniya, wanda muka daɗe muna aiki tare, ya tabbatar. Maganar agogo ba ta da alaƙa da batun, ta Ɗalibi kuma sai wani zama.

Mai ƙorafi: Ranka ya daɗe, to wasiƙun Bashir fa, yaya zan yi da su?