Tsira da mutunci ya fi tsira da kaya: har da wanda ba a biyo ba?

Mai Allo: Assalamu alaikum. Jiya gardama ta kaure tsakanin wasu masu zane biyu a kan Bill Watterson, Ba'amurken nan mai zanen barkwancin jarida Calvin and Hobbes. Ɗaya ya ce wauta ce mutum ya hana a buga zanensa a riguna da 'yan tsana, ya bar maƙudan kuɗi a ƙasa, sannan ya ajiye alƙalami bayan shekara goma kacal. Ɗayan ya ce masa tsira da mutunci ya fi tsira da kaya. Sai na farkon ya ce wa ya biyo shi da gudu balle a yi maganar tsira? Shin maganar ta zauna a nan?

Ɗan Bakin Kasuwa: Wa alaikumus salam. Ba ta zauna ba. Ana faɗinta ne inda dole ɗaya ya salwanta, kamar matar da ta bar gidan miji ba ta tsaya kwasar kwanuka ba. Mutumin da a lokacin zanensa ke fita a jaridu sama da 2,400, littattafansa na tafiya kamar ruwa, wane kaya ya rasa? Ƙoshi ne kawai.

Baban Zane: An biyo shi mana, ɗan'uwa. Lokacin da ya fara a Nuwamban 1985, yarjejeniyar da ya sa wa hannu da Universal Press Syndicate, kamfanin da ke rarraba zane ga jaridu, ta mallaka wa kamfanin zanen. Suna da ikon ba da lasisi ko bai yarda ba, suna da ikon sallamarsa su ɗauko wani ya ci gaba da zana yaron. Makaminsa ɗaya ne, ya ce zai bari. Shekaru aka yi ana ja-in-ja kafin a sake yarjejeniya a 1991, iko ya dawo hannunsa. Kuma dalilinsa na sana'a ne. Calvin yaro ne ɗan shekara shida. In shi kaɗai ne da Hobbes, za ka ga damisa mai rai, dogo, tsaye da ƙafa biyu, yana ba shi amsa. Da uwarsa ta shigo a gida na gaba, wato akwatin hoto na gaba a jerin zanen, sai ka ga 'yar tsana ta auduga zaune a ƙasa, ido kamar maɓalli. Mai karatu ne ke yanke wa kansa wanne ne gaskiya. Ranar da aka ɗinka Hobbes aka jera a kanti, masana'anta ta yanke hukuncin, zanen ya mutu.

Uwar Biyu: Baban Zane ka manta shafin Lahadi, nan ne ma ya fi nuna taurin kai. A da tsarin layi uku ne, kuma layin sama jarida na iya yanke shi ta jefar in wuri ya yi mata kaɗan, don haka ba a sa abin da labari ya dogara a kai a can. Sauran gidajen ma dole su rabu a wurare sanannu don edita ya iya sake jera su. Da ya dawo daga hutun wata tara a 1992, sai ya ce rabin shafi nake so, ba yanka ba sake jeri. Editoci suka yi ta ƙorafi, amma kaɗan ne suka janye. Daga nan ka ga gida guda ya cinye shafin, daji ko sararin samaniya, ga ƙananan gidaje sun ratsa ta gefe. Da ƙaramin burushi da baƙar tawada yake aikin, shi kaɗai, ba yaran shago. Launukan da yake iya sa wa shafin Lahadi ma daga 64 suka kai 125.

Sarkin Tsokana: Allah ya kawo mana irinsa cikin masu neman ƙuri'a! Namu fuskarsu na jikin buhun shinkafa, atamfa, bokiti, har sabulu. Rijiyar da ba ruwa ma sai an manna mata hoto.

Ɗan Bakin Kasuwa: Su ai tsira da kaya suka sani. Da jam'iyya ta fara yoyo sai a sauya sheƙa, a bar mutuncin a tsohuwar sakatariya.

Yar Gidan Liman: Ku tsaya ku ji. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, daddawar kalwa take yi. Takan dafa kalwa tun safe har dare sai ɓawon ya saki, ta surfa a turmi, a wanke a rairaye har ba baƙi ko ɗaya, ta sake dafawa da 'yar kanwa, ta tsane a kwando, ta rufe ruf ta ajiye a ɗaki mai ɗumi kwana uku. In aka buɗe da wuri ba ta ruɓa yadda ake so, in aka wuce sai wari ya yi kaifi ya ɓata miya. Kwano biyar take yi a mako, ba ta ƙarawa. Wani ɗan kasuwa ya zo ya ce zai riƙa saro ta wasu mata, mai gaurayen waken suya, yana sayarwa da sunanta, ita kuma ta zauna kawai ana kawo mata rabonta duk kasuwa. Sau uku yana aike, har goro ya haɗo. Ta mayar da goron ta ce a gaya masa sunanta ba faifai ba ne da za a rufe kowace ƙwarya da shi. Karin maganar nan na tsira da mutunci ta kawo masa. Da gwiwa ta hana ta tsayuwa a turmi, ta kife tukunyar, ba ta yarda wani ya ci gaba da sunan ba.

Uwar Biyu: Allah ya gafarta mata. Amma Yaya, kwana uku lokacin zafi ya yi yawa. Biyu ya isa, sai da hunturu ake kai uku.

Yar Gidan Liman: Ya danganta da kaurin rufin, Hajiya.

Mai Allo: Jama'a, mun koma daddawa.

Ɗan Bakin Kasuwa: To in dawo. Ƙin nasa bai hana ɓarayin zane buga sitikar Calvin yana fitsari a kan tambarin mota ba, abin da bai taɓa zanawa ba, kuma ta cika bayan motoci a Amurka. Kuɗin ya tafi aljihun wasu, fuskar yaron ta ɓaci. Ina tsirar?

Baban Zane: Wanda aka yi wa sata daban, wanda ya sayar da hannunsa daban. Ni ma dai da za a tambaye ni, barin da ya yi ranar 31 ga Disamba 1995 ya fi kama da "da haihuwar yuyuyu gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara". Zane 3,160 ya bari, ga su nan a littafi.

Sarkin Tsokana: Ya sauka da kansa ana roƙonsa ya zauna? Ba tazarce? Lallai ba zai ci ko kansila ba.

Uwar Biyu: Yaya, da toka kakar taku take surfen ko da yashi?