Na gwada HTTP da SOCKS5, kiran murya ya ƙi tafiya

Assalamu alaikum. Na kafa proxy (mai shiga tsakanin na'urata da intanet) na HTTP da manhajar Squid a tashar 3128. Shafuka suna buɗewa lafiya lau, har da na HTTPS, amma da na buga kiran murya sai ya yi ta ƙoƙarin haɗawa, can ya katse. Wasan intanet kuwa ko shiga ba ya yi.

Jin cewa kira da wasa UDP suke bi (wata hanyar aika bayanai) ya sa na koma SOCKS5, wani nau'in proxy, da umarnin ssh -D 1080. Babu abin da ya canza, don SOCKS5 na OpenSSH (manhajar ssh) hanyar TCP kaɗai yake ɗauka, ba UDP ba. Ga shi kuma tambayoyin DNS (neman adireshin shafi) suna zurarewa ta layina maimakon su bi ta proxy, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Don Allah, in na kafa Dante, manhajar SOCKS5 mai ɗaukar UDP, zai riƙe kira da wasa ba tare da DNS ya zurare ba?