Yaya jam'iyyar Rifablikan ta kai ga mulkin Amurka cikin shekara shida?

Ɗalibar Tarihi:

Assalamu alaikum malamai. An kafa jam'iyyar Rifablikan a 1854, amma zuwa 1860 ta riga ta ci kujerar shugaban ƙasa da Abraham Lincoln. A ƙasar da manyan jam'iyyu biyu suka saba danne ƙanana, ta yaya sabuwa ta yi wannan saurin? Kuma da gaske ne an kafa ta ne don 'yanta bayi, kamar yadda ake yawan faɗa?

Mai Nazari:

Wa alaikumus salam, Malama. Bari in fara da tambaya ta biyu, don a nan aka fi samun ruɗani. Jam'iyyar ba ta yi alkawarin 'yanta bayin jihohin Kudu ba. Shugabanninta, har da Lincoln, sun yarda cewa tsarin mulki bai ba gwamnatin tarayya ikon taɓa bauta a cikin jihar da take da ita ba. Abin da suka tsaya a kai guda ɗaya ne: kada bauta ta shiga sababbin yankunan yamma da ba su riga sun zama jihohi ba.

Tushen rigimar kuwa doka ce. Tun 1820 akwai yarjejeniyar Missouri, wadda ta ja layi a kan digiri 36 da minti 30: duk ƙasar da aka saya daga Faransa da ke arewa da layin, ban da Missouri kanta, ba a yarda da bauta a cikinta ba. A 1854 Sanata Stephen Douglas na Illinois ya kawo ƙudurin Kansas da Nebraska, wanda ya soke wannan layi ya ce mazauna kowane yanki su zaɓa da kansu. Yana bukatar ƙuri'un sanatocin Kudu ne don a tsara yankin, a buɗe hanyar jirgin ƙasa zuwa yamma, kuma soke layin shi ne farashin da suka sa masa. Majalisar wakilai ta amince da ƙuri'a 113 a kan 100, Shugaba Franklin Pierce ya sa hannu ranar 30 ga Mayu.

Arewa ta harzuƙa tun ƙudurin yana gaban majalisa. An yi taro a Ripon ta jihar Wisconsin a watan Maris, aka yi babban taro a Jackson ta jihar Michigan ranar 6 ga Yuli, inda aka ɗauki sunan Rifablikan aka kuma tsayar da 'yan takara. Waɗanda suka taru ba sababbin 'yan siyasa ba ne. 'Yan Whig ne na Arewa da jam'iyyarsu ta ruguje bayan kayen 1852, lokacin da ɗan takararsu Winfield Scott ya ci jihohi huɗu kacal, sai 'yan Free Soil, ƙaramar jam'iyyar da ke adawa da faɗaɗa bauta, sai 'yan Dimokarat da suka yi fushi da Douglas. Sun shigo da jaridunsu, da kwamitocinsu na gundumomi, da mutanen da suka iya shirya zaɓe. Wannan shi ne amsar saurin: sunan ne sabo, injin tsoho ne.

Alƙalami:

Na yarda da Malam Mai Nazari, amma ya tsallake wani abu. A 1854 da 1855 ba wanda zai iya rantsuwa cewa Rifablikan ce za ta gaji Whig. Abokiyar gogayyarta ita ce jam'iyyar Know Nothing, mai ƙyamar baƙin haure da 'yan Katolika, musamman 'yan Ireland da Jamus. A zaɓen 1854 ta share Massachusetts kusan kaf, gwamna da majalisa.

Abin da ya kashe ta shi ne tana da reshe a Arewa da Kudu, don haka maganar bauta ta tsaga ta gida biyu kamar yadda ta yi wa Whig. Rifablikan ba ta da wannan ciwon, saboda ba ta da reshen Kudu da za ta lallaɓa. Alamar farko ta bayyana a Fabrairun 1856, da aka zaɓi Nathaniel Banks kakakin majalisar wakilai bayan an kaɗa ƙuri'a sau 133 cikin kusan wata biyu. Masu adawa da faɗaɗa bauta ne suka haɗu a bayansa, kuma daga nan suka fara aiki tamkar jam'iyya ɗaya.

Sannan Kansas ta riƙa ba su hujja kyauta. A zaɓen majalisar yankin na Maris 1855, masu ikon ƙuri'a ba su kai dubu uku ba, amma aka ƙirga ƙuri'a sama da dubu shida, domin mutanen Missouri sun ƙetaro iyaka sun dangwala. Ranar 21 ga Mayu 1856 masu goyon bayan bauta suka far wa garin Lawrence, cibiyar masu adawa da bauta a Kansas. Kashegari Preston Brooks, ɗan majalisa daga Carolina ta Kudu, ya lakaɗa wa Sanata Charles Sumner, mai adawa da bauta, duka da sanda a cikin zauren majalisar dattawa har ya suma. Mutumin Ohio ko New York da bai taɓa damuwa da halin bawa ba, ya fara ganin cewa masu bayi suna taka 'yancinsa shi ma, na ƙuri'a da na magana. Ga kuma dokar kamo bayin da suka gudu ta 1850, wadda ta ɗora tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida a kan wanda ya ɓoye bawa, ta kuma ba jami'in da ke sauraron ƙarar dala 10 in ya mayar da mutum bauta, dala 5 in ya sake shi. Irin wannan ne ya sa kalmar "ikon masu bayi" ta kama bakin mutane.

Mai Lissafi:

Ni lissafin zan kawo, don shi ne ya yanke hukunci. A 1856 ɗan takararsu John C. Frémont ya ci jihohi 11 da ƙuri'un wakilan zaɓe 114, wato wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa. James Buchanan na Dimokarat ya samu 174, Millard Fillmore na Know Nothing ya samu 8 na Maryland. Jihohin Arewa da suka kuɓuce wa Frémont su ne Pennsylvania mai 27, Indiana mai 13, Illinois mai 11, New Jersey da California. A 1860 ana bukatar 152 cikin 303. Ki haɗa 114 da 27 da 13 da 11, kin samu 165. Ke nan ba sa bukatar ko ƙuri'a ɗaya daga Kudu, jihohi ukun nan kawai.

Duk abin da suka yi tsakanin zaɓukan biyu, wannan lissafi ya biyo. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 1857 suka saka harajin kare masana'antu a manufofinsu, don masu ƙarfe da kwal na Pennsylvania. Suka yi alkawarin ba manoma filaye kyauta a yamma, kuma Shugaba Buchanan ya taimake su da ya hau kujerar na-ƙi a kan irin wannan ƙuduri a Yunin 1860. Suka ƙara da layin dogo zuwa gaɓar tekun Pasifik, da alkawarin ba za a tauye haƙƙin baƙin da suka zama 'yan ƙasa ba, don jawo Jamusawa.

Zaɓen ɗan takara ma haka. A taron jam'iyyar na Chicago a Mayun 1860 William Seward na New York ne ke gaba a zagayen farko, da ƙuri'a 173 da rabi, Lincoln na da 102. Amma wakilan Pennsylvania da Indiana suna ganin Seward ya yi zafi da yawa, kuma tsofaffin 'yan Know Nothing ba sa ƙaunarsa. Lincoln ɗan Illinois ne, ba shi da tarin abokan gaba, kuma muhawara bakwai da ya yi da Douglas a 1858 ta fito da sunansa. A zagaye na uku ya ɗauke tikitin.

Ɗalibar Tarihi:

Na gode ƙwarai. Amma na ji ana cewa da Dimokarat ba ta rabu biyu ba, da Lincoln bai ci ba. Haka ne?

Mai Lissafi:

Alƙaluma ba su goyi bayan haka ba. Lincoln ya samu kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a, amma ya samu 180 na wakilai. Breckinridge na Dimokarat ta Kudu 72, Bell na jam'iyyar Constitutional Union 39, Douglas na Dimokarat ta Arewa 12. A yawancin jihohin Arewa ya haura rabi, don haka ko an tattara ƙuri'un abokan hamayyarsa uku an ba mutum ɗaya, California da Oregon da kasonsa na New Jersey kawai zai rasa, wato 11. Saura 169, har yanzu ya wuce 152. Ƙarancin kasonsa na ƙasa baki ɗaya ya samo asali ne daga Kudu, inda a jihohi goma ba a raba takardar ƙuri'arsa ba sam. A wancan zamani jam'iyyu ne ke buga takardun ƙuri'a su raba wa magoya baya, kuma ba mai kasadar yin wannan aiki a Alabama ko Mississippi.

Mai Nazari:

Lissafin daidai ne, sai dai kada a raina rabuwar. Ita ma 'yar wannan rikicin ce. Hukuncin kotun ƙoli na 6 ga Maris 1857 a shari'ar Dred Scott, bawan da ya nemi 'yancinsa, ta bakin Alƙalin Alƙalai Roger Taney, ya ce majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankuna, kuma baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. A takarda ya rushe ginshiƙin Rifablikan, amma a zahiri Douglas ya fi jin jiki: in majalisar tarayya ba ta da ikon hanawa, ina majalisar yanki za ta samo shi? Da ya ce a muhawararsa da Lincoln a garin Freeport mazauna yanki na iya ƙin kafa dokokin da ke kare bauta, kuma ya yaƙi kundin Lecompton mai halatta bauta da Buchanan ke son ƙaƙaba wa Kansas, sai Kudu ta juya masa baya. A taron Dimokarat na Charleston a Afrilun 1860 wakilanta suka nemi dokar tarayya mai kare bauta a yankuna, da aka hana su suka fice.

Su kuma masu bayi ba su ɗauki "hana faɗaɗawa" a matsayin sassauci ba. Bayi sun kai kusan miliyan huɗu a 1860. In duk sababbin jihohi suka shigo ba bauta, Kudu za ta rasa majalisar dattawa, sannan kotun ƙoli, wata rana kuma a samu kashi uku cikin huɗu na jihohi da za su iya gyara tsarin mulki. Shugaban ƙasa kuma shi ke naɗa shugabannin gidan waya da alƙalai da jami'an kwastan har a cikin Kudu, abin da zai iya dasa jam'iyyar a can. Carolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba 1860, kuma kafin a rantsar da Lincoln ranar 4 ga Maris 1861 jihohi shida sun bi bayanta.