Wai Turawa sun zo yin bara Abuja

Daga zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan makarantar unguwa, Jos

Ɗan Gangare: Salamu alaikum jama'a. Yau dai raina a ɓace yake. Tun da sassafe nake kan layi a wani gidan mai a hanyar Bauchi, ana zuwa kaina aka ce mai ya ƙare. A rediyon mota kuma sai zuba ake yi, wai za a ƙarfafa haɗin gwiwa tsakanin ƙasashe masu sayar da mai da masu saye, domin kowa ya samu tabbacin makamashi. Tabbacin wa? Nawa ko na Bature? Duk yaudara ce. Sai da Rasha ta ƙulle musu iskar gas sannan suka tuna da mu, suka zo yin bara har Abuja, shugabanninmu kuma suka shimfiɗa musu darduma. Ni ra'ayina a toshe bututu, ko ɗigo kada ya fita sai ɗan Najeriya ya wadata. Wanda bai yarda ba ya fito.

Maman Asiya: Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya huci zuciyarka.

Lauya: Bara fa ka ce? Ɗan'uwa, gyara bakinka. Gaskiya ne shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz, ya zo Abuja a Oktoban 2023, ya gana da Tinubu, an taɓo maganar gas. Amma wanda ya zo da kuɗinsa ciniki ya kawo shi.

Ɗan Gangare: Bara ce, Barista. Kafin yaƙin Ukraine fiye da rabin gas ɗin Jamus daga Rasha yake zuwa. Abu ya yanke, hunturu ya tunkaro, suka bazama Qatar, Aljeriya, Senegal, har nan. In ba bara ba mene ne sunansa?

Lauya: Sunansa neman kasuwa.

Kawu Mai Tanka: Ku bar ni in sa baki, tunda a kan tanka na tsufa. In ana zancen bara mu ne mabarata. Shekara da shekaru muna loda musu ɗanyen mai, su tace, su dawo mana da shi a jirgin ruwa mu biya da dala. Fetur ɗin da nake ɗaukowa daga Legas a da, ai daga Turai yake sauka. Matatu huɗu gare mu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, duk a kwance. To wa ke miƙa wa wani ƙoƙo?

Malam Na-Rikkos: Don Allah a bar wasa da wannan kalma. Kullum in za a wulaƙanta wani sai a jawo bara, daga nan a gangaro kan almajirai. Yaran nan karatun Alƙur'ani ya kawo su, ba abin misali ba ne.

Ɗan Gangare: Allah ya gafarta Malam, wa ya ambaci almajiri a nan?

Malam Na-Rikkos: Ba sai ka ambata ba. Mun san inda ake dosa. Ko watan jiya kai ne ka turo hoton nan.

Ɗan Gangare: Hoton nan turo min aka yi, na turo.

Maman Asiya: Malam ya yi gaskiya, a rinƙa tauna magana.

Injiniya: Jama'a ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo. Abin da Ɗan Gangare ya ji a rediyo yana da asali, kuma ba daga Ukraine ya fara ba. A 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka da wasu ƙawayen Isra'ila mai, farashi ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Masu saye suka ji a jikinsu, a 1974 suka kafa hukumar makamashi ta duniya, IEA, a Paris, da sharaɗin kowace ƙasa ta tanadi man da zai kai na kwana 90 na abin da take shigowa da shi. Amurka ta zuba nata a kogunan gishiri ƙarƙashin ƙasa a Texas da Louisiana, kuma daga nan Biden ya ba da umarnin fitar da ganga miliyan 180 a 2022 don farashi ya lafa. Masu sayarwa su ma suna da nasu tsoron, kada a wayi gari babu mai saye. Kun manta Afrilun 2020, lokacin korona, da farashin ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili? Sai da OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, da Rasha da sauransu suka rage ganga miliyan 9.7 a kullum, kuma Trump da kansa ya shiga tsakani saboda kamfanonin ƙasarsa sun fara durƙushewa. A lokacin ɗan Yola ne, marigayi Mohammed Sanusi Barkindo, yake sakatare janar na OPEC. To kun ga kowa da wuƙar da ke wuyansa, shi ya sa ake zama. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Saudiyya da Japan. Aramco, kamfanin man Saudiyya, yana ajiye ɗanyen mai a tankunan Okinawa da ke Japan, yana sayar wa Asiya daga can, in kuma masifa ta taso Japan ce ke da haƙƙin fara saye. Kamar ka ajiye hatsinka a rumbun maƙwabcinka da ke bakin kasuwa ne, kai ka samu kusanci da masu saye, shi kuma ya san ba zai kwana da yunwa ba. Daular Larabawa ta yi irin wannan da Indiya a Mangalore. Tambayar da ta kamace mu ita ce, mu a wane layi muke zama a teburin nan, tunda muna sayar da ɗanye kuma mun daɗe muna sayen tatacce? Kuma me muka taɓa gindaya wa mai saye a madadin abin da muke ba shi?

Ɗan Gangare: Injiniya ya buɗe mana jami'a. Wa zai karanta wannan duka da data ta yi tsada?

Lauya: Na karanta. A taƙaice ya ce ba bara ba ce.

Kawu Mai Tanka: A'a, cewa ya yi mu ne mabaratan.

Injiniya: Ban faɗi ko ɗaya ba.

Baba Tsohon Leburan Kuza: 'Ya'yana, ku da ke zaune a Jos kuke tambayar yadda haɗin gwiwa da Bature ke ƙarewa? Ku hau mota ku bi ta Bukuru zuwa Barikin Ladi ku ƙirga kududdufai. Kakanninku kuza ce ta kawo su garin nan daga Kano da Bauchi da Katsina da Barno. An haƙa, an loda a jirgin ƙasa, an kai teku. Da kasuwar ta mutu suka naɗe tabarmarsu, aka bar mana ramuka yara na faɗawa. Shi ma mai haka za a yi.

Maman Asiya: Wallahi Baba ka tuna min da mahaifina. Allah ya jiƙan magabata.

Ɗan Gangare: Amin. Kun ji dattijo ya goyi bayana. Bara suka zo, su cika ƙoƙo su tafi.

Lauya: Baba bai ce bara ba. Mai bara ba ya haƙa rami a gonarka. Ka zaɓi ɗaya, ko mabarata ne ko 'yan ƙwace.

Ɗan Gangare: Duka biyun.

Ƙanin Kowa: Yayyena, ni abin da ban gane ba, kuna ta cewa a rufe musu. Mun taɓa rufe wa wani ai. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 Najeriya ta yanke musu wutar lantarki, alhali akasarin wutarsu daga nan take zuwa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Yamai suka zauna a duhu har sai da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Kuma bututun gas da ake son kaiwa Turai ta Sahara, wanda Najeriya da Nijar da Aljeriya suka sa wa hannu a Yulin 2022, ta cikin Nijar ɗin zai ratsa, kilomita kusan 4,000. Wanda ka kashe wa fitila jiya, yau za ka ce ya tsare maka bututu?

Na-Jam'iyya: Yaro, wannan hukuncin ECOWAS ne, ba na mutum ɗaya ba. Ku dai kullum neman hanyar zagin gwamnati kuke.

Ƙanin Kowa: Yaya, wa ke shugabantar ECOWAS ɗin a lokacin?

Na-Jam'iyya: Naku da suka yi shekara 16 suna mulki me suka gyara? Matatar Kaduna a hannun wa ta lalace? Aƙalla bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, Buhari ne ya ƙaddamar da aikinsa a 2020. Man Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe shi ya je da ƙafarsa a Nuwamban 2022.

Kawu Mai Tanka: To ina man Kolmanin? Ka nuna min depo in je in yi lodi.

Na-Jam'iyya: Kawu, da girmanka, ba a dasa itace yau a sha inuwa gobe.

Ɗan Gangare: Ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin mako ya zagayo ta haura 500. Wannan inuwar kam mun sha ta da wuri.

Na-Jam'iyya: Duk 'yan takarar ukun sun ce za su cire tallafi, har wanda ka yi wa yawon kamfe a Terminus.

Malam Na-Rikkos: Ni har yanzu ban ji an janye kalmar nan ba.

Lauya: Ga wani abu da zai raba gardama. Matatar Dangote a Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a kullum, ta sha sayo ɗanyen mai daga Amurka. Ke nan mu ma mun je bara Texas?

Ɗan Gangare: Wannan daban ne, shi da kuɗinsa ya je.

Lauya: Alhamdu lillahi. Na gama.

Ɗan Gangare: Ba ka gama ba. Dama ku lauyoyi juya baƙi ya koma fari ne sana'arku.

Kawu Mai Tanka: Ɗana, tunda ana maganar zuwa da kuɗi, zubin adashenka na wata biyu bai shigo ba, kuma kwasar Maman Asiya ce ta gaba.

Ɗan Gangare: Haba Kawu, a cikin jama'a?

Maman Asiya: Ni ban ce komai ba fa. Amma dai kuɗin makaranta ya matso.

Injiniya: Ko za mu koma kan tambayar da na yi? Angola ta fice daga OPEC a ƙarshen 2023 saboda ba ta gamsu da kason da aka yanka mata ba, mu da muke ciki tun 1971 ya kamata mu tattauna ko…

Na-Jam'iyya: Injiniya, ka ajiye wannan sai an ba ka minista.

Alhaji Admin: To jama'a ya isa haka, bari in taƙaita saboda waɗanda ba su bi ba. Ɗan Gangare ya kawo ƙorafi a kan layin mai, kuma bayanin Injiniya ya nuna ƙarara cewa matsalar daga kasuwar duniya take, tun daga 1973, don haka masu gidajen mai ba su da laifi ko kaɗan, yadda muka sayo haka muke sayarwa, wani lokaci ma da asara. Mafi rinjaye sun amince cewa ba bara Turawa suka zo ba, Barista ya yi nasara da hujja. An kuma fahimci cewa cire tallafi abu ne da kowa ya yarda da shi. Maganar Baba ta kuza tarihi ce, mun gode, amma zamani ya canza. Batun Nijar bai shafi zauren nan ba, kuma ina jan kunnen ƙananan cikinmu su rinƙa girmama na gaba. Ɗan Gangare zai ba Malam haƙuri, ya kuma ga Kawu a gefe.

Injiniya: Ranka ya daɗe, a ina na ambaci masu gidajen mai?

Ƙanin Kowa: Mafi rinjayen su waye? Mutum biyu ne fa.

Ɗan Gangare: Alhaji, tunda abin daga kasuwar duniya yake, me ya sa famfo ɗaya ke aiki da rana, da dare kuma a ga 'yan bumburutu suna fita da jarkoki?

Alhaji Admin: Na rufe zaure sai bayan sallar Isha. Mai ƙorafi ya same ni a waya.